Kafin Tol-get Ya Dawo Hanyar Kaduna: Da Wane Ma'auni Za a Auna Mai Karɓar Kuɗin?

Duk wanda ya saba fita daga Kaduna ya nufi Abuja ya san wurin da har yau ake kira Tol-get, can gaba da Gonin Gora, wajen Kakau, ko da yake yaran da aka haifa bayan an ɗauke shingen wasunsu har sun yi aure. A ƙarshen shekarar 2003 ne gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗi a hanyoyin tarayya, bisa hujjar cewa abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, kuma kaso mai yawa yana zurarewa tun kafin ya isa. Dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2007, ta tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal domin kula da hanyoyi, amma shekaru suka yi ta shuɗewa ba a aiwatar ba, hanyoyin kuma suka ci gaba da mutuwa a kan idonmu. Yanzu maganar karɓar kuɗin hanya ta dawo da ƙarfinta. A watan Agustan 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da sabuwar manufar karɓar kuɗin hanya, wadda ta taƙaita abin ga tagwayen hanyoyi kaɗai daga cikin kilomita kusan 35,000 na hanyoyin tarayya, sannan a watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗi a hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurdi, inda aka yanka wa ƙaramar mota naira 500, babbar mota kuma naira 1,600. Hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano, mai tsawon kilomita kusan 375, tagwaye ce, kuma tun 2018 ake zuba mata kuɗi masu nauyi, saboda haka da wuya a bar ta babu shinge idan an kammala ta.

Ba na cikin masu ƙin biyan kuɗin hanya, domin wanda ya taɓa kwana a cunkoson Tafa ya san cewa muguwar hanya ma kuɗi take ci, ta hanyar mai da taya da lokaci, wani lokaci har da rai. Abin da ya dame ni shi ne yadda kamfanin da za a damƙa wa hanyar zai riƙa ba da bayanin kansa, da kuma ma'aunin da za mu yarda a auna shi da shi. Irin waɗannan hanyoyi jinginar da su ake yi na tsawon lokaci, kamar yadda ta Makurdi ta kasance ta shekaru 25, kuma kamfanin da ya karɓa, musamman idan ya ciyo bashi daga bankunan waje, yakan fitar da abin da ake kira rahoton ɗorewa duk shekara. Ma'anar ɗorewa a nan ita ce gudanar da aikin yau ta yadda ba za a cinye rabon gobe ba, kuma akan duba ta ta fuskar muhalli, da ta jama'a, da ta yadda ake tafiyar da kamfanin kansa. Akwai ƙa'idojin duniya da ake bi wajen rubuta irin wannan rahoto, irin su na GRI, da IFRS S1 da S2 waɗanda suka fito a watan Yunin 2023, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka bayyana cewa za su yi aiki da su, sai kuma sharuɗɗan hukumar IFC ta Bankin Duniya na 2012, waɗanda masu ba da bashi da yawa ke gindaya wa manyan ayyuka.

Matsalar ita ce, rahoto irin wannan yana iya zama gaskiya daga bango zuwa bango, kuma duk da haka bai taɓo abin da ya fi muhimmanci ba, domin kamfanin ne ke zaɓar abin da zai auna. Abin da ya fi sauƙin ɗauka a hoto shi yake cika shafukan farko: allunan sola a kan rufin shinge, itatuwan da aka dasa a tsakiyar hanya, rijiyar burtsatse da aka tona wa wani ƙauye, littattafan da aka raba a wata makarantar firamare. Duka waɗannan alheri ne, kuma ƙauyen da ya sami ruwa ya san amfaninsa. Sai dai ba don su aka ba kamfanin hanyar ba, kuma idan aka ɗora su a sikeli tare da tasirin hanyar kanta, nauyinsu kaɗan ne ƙwarai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne hanyar: shekaru nawa za ta yi, rayuka nawa take ci, me ta yi wa garuruwan da ta ratsa, kuma ina kuɗin ya tafi.

Mu fara da hayaƙi, tunda shi ne abin da irin waɗannan rahotanni suka fi alfahari da ragewa. Masu lissafin iskar kabon sun kasa ta kashi uku. Na farko shi ne abin da kamfani ke ƙonawa da kansa, wato man janareta da na motocin sintiri. Na biyu shi ne na wutar lantarkin da ya saya. Na uku kuwa ya ƙunshi duk abin da ke faruwa a dalilin aikinsa amma a hannun wasu, irin su siminti da kwalta da ƙarfen da aka yi hanyar da su, da injinan 'yan kwangila. Kamfanoni da yawa sukan tsaya a kan na farko da na biyu, su bar hayaƙin motocin da ke bin hanyar a waje da lissafi, alhali shi ne mafi girma nesa ba kusa ba. Litar dizal ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kusan kilo 2.3. To, mu yi lissafi na misali. A ce janaretan wani shinge yana shan lita 200 a rana, aka maye shi da sola. An rage kilo 540. A ce kuma tireloli 1,000 ne ke wucewa a rana, kowace ta tsira da lita 5 kacal saboda babu ramuka kuma babu dogon layi a bakin shinge. An rage kilo 13,500, wato ninkin na farko sau 25. Wannan ya nuna cewa minti nawa mota ke ɓatawa a layin biyan kuɗi, da sau nawa na'urar karɓar kati ke daina aiki saboda rashin sabis, su ma alƙaluman muhalli ne, kuma ya kamata a gan su a rahoto.

Inda maganar ta fi nauyi a ganina shi ne tsawon ran hanyar, domin babu ɓarnar muhalli da ta dukiya da ta kai a sake gina hanya a shekara ta 10 alhali an tsara ta yi shekaru 20. Duk wani sabon gini yana nufin sabon siminti, da fasa sabon dutse, da sabon kududdufi a gonar wani, da sabon bashi a wuyan ƙasa. Abubuwa biyu ne ke kashe hanya a yankinmu, nauyi da ruwa. Game da nauyi, tun gwajin da aka yi a jihar Ilinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 injiniyoyi suka gano ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa kusan sau 16. Ƙarin lodi na kashi 20 cikin 100 kawai ya isa ya ninka ɓarnar sau biyu, wato idan da dukan tirelolin da ke bin hanya za su ƙara wannan ɗan kason, to rabin ranta ya tafi. Bisa wannan ƙa'ida, tirela ɗaya mai cikakken lodi tana yi wa kwalta abin da ƙananan motoci dubbai ba su yi ba, amma a farashin hanyar Makurdi abin da take biya bai wuce ninki uku da ɗoriya na ƙaramar mota ba.

Wani zai ce sai a tsawwala wa manyan motoci kuɗi. Abin bai zo da sauƙi haka ba, domin waɗannan motocin su ne ke ɗauke da masara da tumatir da albasa da shanu zuwa kudu, su dawo da siminti da gishiri da mai, kuma duk abin da aka ƙara musu a kasuwa za a fanshe shi, daga aljihun mai sayen mudu ɗaya. Maganin da ya fi adalci shi ne sikelin auna manyan motoci mai aiki dare da rana, da tara mai zafi a kan abin da ya wuce ƙa'ida, da wurin sauke rarar kaya. Ƙasashen ECOWAS sun amince da daidaita iyakar nauyin tun 2012, aiwatarwa ce ta gagara. Kuma bai kamata a sauke fushin a kan direba shi kaɗai ba, domin sau da yawa ba shi ya yanke shawarar lodin ba. Mai kaya ne da mai mota suka yi lissafin tsadar dizal suka ga tafiya ɗaya mai nauyi ta fi musu biyu. Don haka rahoton kamfani na gaskiya zai faɗi motoci nawa aka auna, nawa aka samu da lodi fiye da ƙa'ida, da kuma kwanaki nawa sikelin ya yi a lalace cikin shekara. Wannan alƙalami na ƙarshe shi ne zai tona ko ana yi da gaske.

Ruwa kuwa shiru-shiru yake aikinsa. Wata damina, cikin malkar Agusta, motar da nake ciki ta yi faci a wata hanya da ke wajen gari wadda ba ta daɗe da shan sabuwar kwalta ba, muka sauka muna jiran direba ya canza taya. A ƙasan inda muka tsaya akwai kwalbati, bakinsa ya toshe da yashi da leda da karan masara, ruwa ya taru ya kwanta a kafaɗar hanya yana neman mafita. Akwai wata 'yar tsaga a jikin kwaltar da ba ta fi faɗin yatsa ba, kuma duk tirelar da ta taka wurin sai jan ruwa mai laka ya yi tsartuwa daga cikinta. Wannan lakar ita ce marmarar da aka yi ciko da ita, tana fita kaɗan-kaɗan, kuma kafin kaka wurin zai zama rami. Yashe wannan kwalbati aikin lebura biyu ne da shebur na yini guda, gyaran ramin kuma aikin miliyoyi ne. Kamfanin da ya san abin da yake yi zai yashe magudanan ruwa tun watan Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ya toshe tsagogi tun suna ƙanana, kuma ya bayyana adadin kwalbatocin da ya duba da ranakun da ya duba su. Akwai ma ma'aunin gargadar hanya da Bankin Duniya ya taimaka aka samar tun shekarun 1980, wanda ake aunawa da mota mai na'ura, yana ba da lamba ga kowace kilomita. Idan aka rubuta iyakar wannan lamba a yarjejeniya, an rufe ƙofar gardama a kan ko hanya tana da kyau ko ba ta da shi.

Muhawarar kankare da kwalta ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Kankare ya fi jure nauyi da ruwa idan an yi shi da kyau, amma masana'antar siminti ita ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, saboda haka sai ya yi tsawon rai kafin ya biya bashin hayaƙinsa. Kwalta kuma ana iya kankare tsohuwar a niƙa a sake shimfiɗawa, kuma an yi amfani da wannan dabara a wasu sassan hanyar Abuja zuwa Kano. Kowanne aka zaɓa, kulawar bayan gini ce ke yanke hukunci.

Sai rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa burin rage adadin da rabi daga 2021 zuwa 2030. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sabuwar hanya mai santsi tana iya ƙara yawan mace-mace, domin ramukan da muke kuka da su su ne ke tilasta wa direba rage gudu. Wanda ya tsaya a Rigachikun ko Maraban Jos da yamma ya ga abin da nake nufi: yarinya ɗauke da farantin gyaɗa a ka, tana riƙe da hannun ƙaninta, ta tsallaka ɓari ɗaya ta tsaya a tsakiya tana lissafin tazarar mota mai zuwa da ido, 'yan Islamiyya kuma sun taso a ayari, gidajensu na wannan gefe, makarantar na wancan. Hanyar ta raba gari biyu, amma ba ta raba kasuwa da masallaci da zumunci ba. Gadar masu tafiya a ƙasa idan aka gina ta nesa da inda mutane suka saba tsallakawa, ko aka yi mata matakalar da tsohuwa da mai keken guragu ba za su iya hawa ba, za ta shiga rahoto a matsayin aikin da aka kammala alhali mutane na ci gaba da ratsawa ta ƙarƙashinta. Haka nan burtali: inda hanyar shanu ta haɗu da ta mota, ko dai a yi mashiga ta ƙarƙashi, ko kuma a ci gaba da ganin garke a tsakiyar titi da asuba.

Yawancin kamfanoni sukan kawo adadin ma'aikatansu da suka ji rauni a bakin aiki, kuma hakan daidai ne, to amma alƙaluman da muke buƙata su ne na waɗanda suka mutu ko suka jikkata a kan hanyar baki ɗaya, a ware matafiya a ƙasa da 'yan babur daban, a kuma daidaita lissafin da na hukumar kiyaye haɗurra domin kada kowa ya riƙe nasa. Muna buƙatar sanin minti nawa motar ɗaukar marasa lafiya ke yi kafin ta isa wurin haɗari, da awa nawa janwe ke ɗauka kafin ya janye tirelar da ta mutu a kan hanya, tunda irin wannan motar, da reshen itace a bayanta a madadin alama, ta ci rayuka masu yawa da dare. Akwai tsarin iRAP da ke ba hanya taurari daga 1 zuwa 5 bisa tsaron da aka gina a jikinta, kuma taurari 3 ne mafi ƙarancin abin da ƙasashen duniya suka sa a gaba. Wurin ajiye tireloli mai ruwa da banɗaki da masallaci da tsaro, a irin su Tafa da Maraban Jos, shi ma aikin ceton rai ne, domin direban da bai sami barci ba haɗari ne ga kowa. Kamfani ba soja ba ne, ba za a ɗora masa yaƙi da 'yan bindigar da suka addabi Rijana da Katari ba, amma fitilu da kyamarori da sassabe dajin gefen hanya da layin kiran gaggawa mai amsawa duk suna cikin ikonsa.

Ga mutanen garuruwan da ke bakin hanya, tambayar farko ita ce diyya: wa aka biya, yaushe, kuma shin mai hayar rumfa da mai noman aro sun shiga lissafi ko mai takarda kaɗai aka sani? Sharaɗi na 5 na IFC ya nemi a maido wa mutum hanyar cin abincinsa, ko da ba shi da takardar mallaka. Kududdufan da aka ɗebi ƙasa aka bari a buɗe sukan cika da ruwa su zama gidan sauro da tarkon yara, kuma cike su ko killace su ya fi dashen itacen bikin buɗe hanya amfani. Manufar 2021 ta keɓe babura da Keke Napep daga biya, ta kuma yi alkawarin rangwame ga mazauna kusa da shinge. A nan ne za a gane adalcin tsarin, domin malamin makarantar da ke zaune a Kakau yana koyarwa a cikin gari zai ratsa shingen sau biyu kullum don tafiyar 'yan kilomitoci, ba kamar mai zuwa Abuja sau ɗaya a wata ba.

Kamfanin da jama'a suka daina yarda da shi ba ya ɗorewa, ko da rahotonsa ya cika duk ƙa'idoji. A Legas, an fara karɓar kuɗi a hanyar Lekki zuwa Epe a watan Disambar 2011 cikin zanga-zangar mazauna yankin, a ƙarƙashin jinginar shekaru 30, amma cikin 'yan shekaru gwamnatin jihar ta saye kamfanin, sannan bayan harbe-harben da aka yi a shingen lokacin zanga-zangar EndSARS a watan Oktoban 2020 karɓar kuɗin ta tsaya. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu an fara karɓa ta na'ura a Disambar 2013, direbobi masu ɗimbin yawa suka ƙi biya saboda suna ganin ba a shawarce su ba, har gwamnati ta kashe tsarin a Afrilun 2024, bashin ya koma wuyan masu biyan haraji. Mu da aka rushe mana shingaye a 2003 saboda zurarewar kuɗi mun fi kowa buƙatar a riƙa buga adadin motocin da suka wuce da kuɗin da aka tara duk wata, a nuna nawa ya tafi biyan bashi, nawa gyara, nawa riba, kuma injiniya mai zaman kansa, wanda ba kamfanin ne ya zaɓe shi ba, ya sa hannu a kai.

Duk waɗannan abubuwa ba za su tabbata ba idan aka bar su ga kyakkyawar niyyar kamfani, sai an rubuta su da lambobi da tara a cikin yarjejeniyar jingina, domin tun ran gini ran zane. Hukumar ICRC, wadda dokar 2005 ta kafa don sa ido kan irin wannan jingina, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, sun ba ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci irin su NURTW da NARTO, da 'yan majalisar da ke wakiltar Chikun da Igabi da Kagarko, da masu unguwannin bakin hanya, ƙofar neman ganin takardar kafin a sa hannu. Akwai sassa biyu da ya kamata su karanta da idon basira. Na ɗaya shi ne duk wani sharaɗi da zai sa gwamnati ta biya kamfanin diyya idan motoci suka ragu saboda wata hanya ko jirgin ƙasa. Kamfanin hanya da yawan motoci yake cin riba, ƙasa kuma maslaharta ita ce kaya masu nauyi su koma kan dogo, musamman ga Kaduna da ke da tashar jiragen ruwa ta tudu a Kakuri tun 2018, ga kuma layin dogo na zamani zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021.

Na biyu shi ne yanayin da za a maido da hanyar idan wa'adi ya cika. A shekarun ƙarshe na jingina, duk nairar da kamfani ya kashe a gyara amfaninta ga wanda zai gaje shi take zuwa, saboda haka sha'awar tsuke hannu tana ƙaruwa daidai lokacin da hanya da gadoji suka tsufa. A ranar 14 ga Agustan 2018 gadar Morandi ta rufta a birnin Jenowa na Italiya, mutane 43 suka mutu, kuma gadar tana hannun babban kamfanin karɓar kuɗin hanya na ƙasar ne, abin da ya jawo doguwar shari'a a kan yadda aka kula da ita. Yarjejeniya mai kyau takan tilasta a riƙa ware wani kaso na kuɗin shiga a asusun gyara da kamfani ba zai taɓa shi kaɗai ba, a binciki hanyar da gadojinta shekaru kaɗan kafin ƙarshen wa'adi, a kuma riƙe kuɗin jingina har sai an tabbatar da shekarun da suka rage mata. Idan aka sa hannu a kan jinginar shekaru 25 a wannan lokaci, wannan sashe zai fara aiki ne wajen shekarar 2050, lokacin da mafi yawan waɗanda suka rattaba hannu sun bar ofis, kuma yarinyar nan mai farantin gyaɗa ce da 'ya'yanta za su karɓi hanyar a duk yanayin da takardar ta yarda a maido ta.